Albashin dubu 70 ɗin nan, ina rabon ɗan ƙwadagon gona a ciki?

ƊanKadawa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni, kuma wallahi ba don neman rigima na kawo ta ba, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Garun Malam. Na gama NCE yau shekara huɗu, aiki bai samu ba, gonar gado kuma da aka raba mu tara abin da ya zo hannuna ba zai riƙe gida wata biyu ba. Don haka ƙwadago nake yi kamar sauran samarin garinmu, dashen shinkafa, cire ciyawa, yanka, bugu, in rani ya yi a koma tsinkar tumatir da ɗaukar kwando zuwa bakin titi. Daga safe zuwa azahar a nan wajenmu 3,000 ne in ka dace, wani lokacin 2,500, in jinga ce kuma sai yadda kuka daidaita, kuma ranar da mutane suka yi yawa a bakin gona mai gona ke yanke kuɗin yadda ya so, don ya san in kai ka ƙi akwai goma a bayanka.

To a 2024 da ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki ranar 3 ga watan Yuni, har wutar ƙasar nan gaba ɗaya aka kashe, muna gindin bishiya muna ji a rediyo ana cewa 'yan ƙwadago sun tashi tsaye. Aka yi ta ja, daga 615,000 da suka fara nema aka yi ta saukowa har aka tsaya a 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a wata, Kano ma ta ce ita 71,000 za ta biya. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, ya haura sittin amma kullum yana duƙe a cikin taɓo tare da mu, sai ya juyo ya tambaye ni tunda ni ne ɗan boko a cikinsu, ya ce to mu nawa za a ƙara mana? Wallahi rasa abin faɗa na yi. Sunan ma fa namu ne, mu ake ce wa 'yan ƙwadago tun ba a san ofis ba, amma ko sisi ba ta ƙaru a kuɗinmu ba saboda wannan doka, kwanon masara ne kawai ya ƙara kuɗi.

Shi ne nake tambaya, ita dokar ta san da zamanmu kuwa? Sannan in ana maganar jari-hujja da cin gumin talaka, wa ke cin namu gumin takamaimai, mai gonar da yake biyana ko wani can sama da shi? Kuma zai yiwu irinmu su yi ƙungiya ko mafarki ne? Masu ilimi da manyanmu a taimaka.

MalaminFiramare:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa amsar tambayarka ta farko gajeriya ce kuma ba daɗi, dokar ta san da zamanku, ta sani sarai, fitar da ku ta yi da gangan. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta kawo 30,000, ta lissafa waɗanda ba ta hau kansu ba, akwai wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, akwai mai aikin wucin gadi na 'yan awoyi, akwai wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi wato jinga ke nan, sannan akwai aikin da yake zuwa da lokaci kamar noma, da sunansa aka ambace shi. Gyaran da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuɗin ya ɗaga zuwa 70,000, ya kuma rage lokacin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, amma waccan ƙofar da aka rufe muku tana nan a rufe. Ka ga kai ta kowane ɓangare an kewaye ka, jinga kake yi, aikin lokaci kake yi, kuma mai gonarka ba shi da ma'aikata 25 a rubuce.

Ni malamin firamare ne a ƙasar Ringim, shekarata 17 ina koyarwa, ina cikin ƙungiyar malamai, kuma ba zan ɓoye maka ba maganarka ta taɓa ni, don yaran da nake koyarwa rabinsu 'ya'yan irinku ne, da damina aji watsewa yake yi saboda sun tafi gona neman na sabulu. Amma bari in ɗan kare ƙungiya. Ƙungiyar ƙwadago tana iya tsayar da ƙasa ne saboda mambobinta suna da mai biya guda ɗaya da za a je a zauna da shi, suna da suna a takarda, ana cire kuɗin ƙungiya daga albashi kowane wata, kuma in ma'aikacin lantarki ya ajiye aiki ba za ka ɗauko wani a bakin titi gobe ya maye gurbinsa ba. Kai kuwa yau kana gonar wannan gobe kana ta wancan, da wa za a zauna? Wannan shi ne wahalar.

Duk da haka laifin yana nan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a aikin albashi na ofis suke ba. To ƙungiyar da take kiran kanta ta ma'aikata amma tana magana da yawun ƙasa da kashi goma, dole wata rana ta waiga ta ga ba kowa a bayanta. Kuma kar ka ɗauka mu ɗin daɗi muke ji, albashina yana ƙarewa kafin 15 ga wata, da rana ni ma gona nake tafiya.

ManominAuyo:

Malam ka yi bayani Allah ya saka. Amma ɗan'uwa ƊanKadawa ni bari in yi magana a matsayin mai gonar da kake cewa yana yanke kuɗi, don ni ina ɗaukar 'yan ƙwadago, kadada ɗaya da 'yan kai nake nomawa a fadamar Auyo, shinkafa rani da damina.

Ɗauki lissafi. 70,000 in ka raba ta kwana 26 na aiki ba ta kai 2,700 a wuni ba. Kai kuma ka ce ana ba ka 3,000 zuwa azahar. Ka ga ni talakan manomi ina biyan abin da ya fi na gwamnati, kuma a bakin gona nake biya kafin ka wanke ƙafa, ba sai ƙarshen wata ba, ga kunu ko fura da ake kawowa daga gida. To ta ina na zama ɗan jari-hujja?

Bari ka ji inda kuɗin yake tafiya. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuma injin ban ruwa bai san an cire tallafi ba, shan mansa yake yi yadda ya saba. Taki kuwa, yuriya da kamfa, kowa ya san yadda suka yi tashin gwauron zabo, ga maganin feshi, ga kuɗin tarakta ko garmar shanu, ga jan-baki in suka sauka sai ka sa yara suna kora tun asuba. Lokacin da ake buƙatar takin nan ba ni da kuɗi a hannu, sai in je wajen mai kuɗi ya ba ni ba-da-kaka, ya ba ni taki yanzu in biya shi da buhun shinkafa in an girbe, a farashin da shi ya yanka tun shuka ba ta fito ba. Ranar bugu motarsa tana bakin gona kafin ni in kai kwano ɗaya gida. Abin da ya rage kuma dole in sayar a lokacin da kowa yake sayarwa, lokacin da kaya ba su da daraja, saboda bashin 'yan aiki da na mai shago da hidimar gida ba sa jira.

Sai kuma aka zo a watan Yulin 2024 aka ɗage harajin shigo da abinci na kwana 150, shinkafa da masara da alkama da wake, farashin abin da muke nomawa ya faɗi warwas amma taki bai sauko ba. Na yarda mai saye a birni ya samu sauƙi kuma ban yi baƙin ciki da hakan ba, amma a bayan wa aka ɗora sauƙin? A 2022 ambaliya ta shanye mini gona ƙurmus, ba wanda ya rage mini ko buhu ɗaya a bashin. Akwai maƙwabcina da ya jinginar da gonarsa a shekarar, har yau bai fanshe ta ba, yanzu ƙwadago yake yi a cikin gonar ubansa. Tsakanina da kai damina ɗaya ce mara kyau. Don haka in za ku yi ƙungiya don ku matse ni, wallahi ba abin da za ku samu a jikina, sai dai in rage gonar in noma da 'ya'yana.

BabanSawaba:

Jikana ne yake rubuta mini, ni ido ya yi rauni. Yara ku saurara, wannan gardamar taku ba sabuwa ba ce.

Mahaifina ɗan jam'iyyar NEPU ne a ƙasar Sumaila, ni kuma na yi jam'iyyar PRP da ta gaje ta da ƙuruciyata, mabuɗi muka dangwala wa a 1979. NEPU an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, mutum takwas ne, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya zo ya ja ragamar. Abin da nake so ku gane shi ne su waye suka cika jam'iyyar nan. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ma'aikacin En'e ma tsoron a gan shi da ɗan NEPU yake yi. Manoma ne, da teloli, da mahauta, da masaƙa, da 'yan koli, da malaman allo, mutanen da ba su da albashi ba su da takarda, irinku sak. Kuma ba su ce a ƙara musu kuɗin wuni ba, abin da suka yaƙa shi ne hanyoyin da ake bi ana kwashe abin hannunsu, haraji da jangali, da aikin tilas a gandun masu sarauta, da kotun da talaka ba ya cin shari'a a cikinta. An ɗaure su, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, Hajiya Gambo Sawaba mace ce amma ta sha ɗauri fiye da maza da yawa. Mahaifina yana da tabo a bayansa har ya koma ga Allah.

Shekara 29 aka yi ana wannan kafin a ga amfaninsa a hukumance. Da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a watan Oktoban 1979 ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna. Ku yaran yanzu ba za ku san nauyin wannan ba. Na ga magidanci ya gudu ya bar garinsu da daddare saboda lokacin haraji ya zo ba shi da shi, na ga an shanya mutum a rana a ƙofar dagaci a gaban 'ya'yansa. Ranar da aka ce an soke, mutanen ƙauye kuka suka yi. Kuma hutun ranar ma'aikata na 1 ga Mayu da ake yi yanzu, gwamnatin Rimi ce ta fara ba da shi a 1980, gwamnatin tarayya ta biyo baya a 1981. Ga yaƙi da jahilci da aka buɗe wa manya, a ajin dare na iya rubuta sunana da boko. Ka ga a lokacin ɗan albashi da ɗan ƙauye tafiya ɗaya suke yi.

Abin da ya kashe mu kuwa ba zan ɓoye ba, mu ne. PRP ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, aka tsige Balarabe a watan Yunin 1981, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a rikicin Kano na watan Yuli a shekarar, Malam ya rasu a watan Afrilun 1983 gidan a rabe, soja suka zo ƙarshen shekara suka share kowa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

To kai yaro mai tambaya, da kai na Auyo, ku biyun nan a wajenmu duk talakawa ne, kalmar ba ta raba mai kadada ɗaya da mai fartanya ba. Harajin da Rimi ya soke ya dawo ta wata ƙofar, yanzu a gidan mai ake karɓa da wajen mai taki da wajen mai ba-da-kaka, kuma ba dagacin da za ka nuna ka ce shi ne. In kuka tsaya kuna faɗa a kan naira 500 a bakin gona, kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

MamanHafsa:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma ku duka maza kuna ta magana ba wanda ya ambaci mata, to bari in faɗa. Ni a ƙasar Bunkure nake. In ƊanKadawa yana kukan 3,000, ya je ya tambayi tsofaffin mata da zawarawa da 'yan mata da suke roron wake da cirar gyaɗa da sheƙar shinkafa nawa ake ba su. Sau da yawa ma ba kuɗi ba ne, ɗan awo ne a kwano, kuma wuni guda suke yi ba zuwa azahar ba, wata da goyo a baya. Aiki iri ɗaya a gona ɗaya namiji ya karɓi nasa mace a ba ta abin da bai kai ba, in ta yi magana a ce ai ita taimaka mata aka yi.

Mu kuma na cikin gida turara shinkafa muke yi wa 'yan kasuwa. A kawo buhu, ki jiƙa, ki turara, ki shanya, ki yi ta juyawa kina korar kaji da awaki, itacen naki ne, ruwan ke za ki saya, hayaƙin idonki yake shiga, in ta karye a inji a ce ke kika ɓata a zaftare kuɗin. Shinkafar nan da ake kaiwa birni ana cewa ta gida mai kyau, hannunmu ta bi, amma ba wanda yake lissafa mu a cikin ma'aikata, ko mazajenmu cewa suke muna zaune a gida ba ma komai.

Kuma maganar ƙungiya da kuke ganin kamar mafarki, mu mun riga ku. Mu 14 ne a unguwarmu muke adashi, da shi muka daina jiran buhun ɗan kasuwa, muke sayen namu buhu biyu uku da kaka mu turara mu sayar da kanmu, ribar ba ta da yawa amma tamu ce. Kuma mun yi magana ɗaya a kan kuɗin turara buhu, duk wanda ya kawo gidan ɗaya daga cikinmu farashin ɗaya zai ji. Wata biyu suka yi suna kai wa wani gari, da kuɗin mota ya ishe su suka dawo. In za ku kafa taku dan Allah kar ku yi ta a majalisar maza kaɗai sannan ku ce ta 'yan ƙwadago ce.

ƊanDawanau:

Ni dai hatsi nake saye ina ajiyewa, kuma na gaji da a ce mu ne azzalumai. Wa yake zuwa ƙauye da tsabar kuɗi ranar da manomi yake neman na asibiti, banki ne? Ku tambayi waɗanda suka tara masara da tsada a kakar 2024 abin da ya same su da farashi ya karye a 2025, mutane nawa ne jarinsu ya narke. In riba ce a ce mun ci gumi, in asara ce ba mai jajanta mana. A bar kasuwa ta yi halinta, gwamnati ta taɓa karɓar harkar saye da sayarwa a ƙasar nan kuma manomi bai ji daɗi ba.

Ɗalibar_Tattali:

Yaya ƊanDawanau akwai gaskiya a ƙarshen maganarka. Hukumomin sayen amfanin gona na da, lokacin dalar gyaɗa, suna sayen gyaɗa da auduga a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya su riƙe rarar, da ita aka yi ayyuka da yawa a birane, manomin da ya noma bai ga kaso mai yawa ba. An rushe su a 1986 ƙarƙashin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida. Sai dai rushewar ba ta 'yanta manomi ba, gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago, da yana da mai saye ɗaya da yake danne shi amma ya san farashi tun kafin girbi, yanzu ba farashin ba rumbun ba bashi mai sauƙi. Kuma ba kai a karan kanka ake zargi ba, tsarin da ya sa kai kaɗai ne mai kuɗi a hannu ranar da kowa yake cikin matsi shi ne abin dubawa. Kasuwar da ɗaya zai iya jira wata shida ɗayan kuma ba zai iya jiran gobe ba, ba ciniki ake yi a cikinta ba.

Ni 'yar ƙasar Gumel ce, tattalin arziki nake karanta. Kawu na Auyo, lissafinka na 2,700 daidai ne amma akwai abin da ya ɓace a ciki. Mai albashi wata 12 ake biyansa, har ranar da yake kwance ba lafiya, kuma akwai fansho. Ɗan ƙwadago kwana nawa yake samun aiki a shekara? In an yi dashe sai a jira ciyawa, in an yi yanka sai a jira rani, a garuruwan da ba ruwan noman rani kamar namu kuwa daga an kai amfani gida shi ke nan sai ci-rani. Ka raba abin da ya samu da kwana 365 ka gani. Ranar da maciji ya sare shi ko lauje ya yanke shi kuma ba ko sisi. Don haka matsalarsa ba kuɗin wuni kaɗai ba ce, ranakun da ba aiki su ne suke cinye shi.

Abin da ƊanKadawa ya faɗa na cewa akwai goma a bayanka, shi ne ainihin abin da Karl Marx ya yi bayani a kai, cewa tarin marasa aiki da suke tsaye suna jira su ne suke riƙe ladan mai aiki a ƙasa, ba sai mai gona ya zama mugu ba. To in haka ne ko an sa ku a dokar albashi ba sufeton da zai bi gona-gona, maganin shi ne a rage mutanen da ke layin. Indiya ta gwada wannan, a 2005 ta yi doka cewa kowane gida a karkara yana da haƙƙin aikin kwana 100 a shekara daga gwamnati, haƙa tafki, gyaran hanya, dashen itace, mace da namiji kuɗi ɗaya, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na masu aikin mata ne, in ka nema ba a ba ka cikin kwana 15 ba a biya ka na zama. An samu matsalar jinkirin biya da sunayen bogi, amma mai gona ya san in ya yanke kuɗi da yawa mutane suna da inda za su. A nan aikin ma ba sai an ƙirƙiro ba, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja, ga magudanan Kadawa da suke cika da yashi, ga jingar da ake buƙata kafin ambaliya, ga hamada tana matsowa ta wajen Maigatari. Wannan zai amfani Kawu ma don ruwa zai isa gonarsa. Kar a ce ba a taɓa irinsa ba, Jigawa a zamanin Sule Lamido ta yi dokar ba naƙasassu 7,000 duk wata tun 2007, lokacin ana cewa jihar ba ta da kuɗi. Kuma Najeriya tana cikin ƙasashen Afirka da suka yi alkawari a taron birnin Maputo a 2003 cewa kashi 10 na kasafin kuɗi noma za a ba.

Abu ɗaya da ba na goyon baya ko da daga ɓangarenmu ya fito shi ne a tilasta wa mutane. Shugaba Nyerere ya tara manoman Tanzaniya a ƙauyukan gama kai da ake kira Ujamaa da ƙarfin hukuma a shekarun 1970, niyyar mai kyau ce amma noma ya ja baya. Irin na Maman Hafsa da mutane suka haɗa da kansu ya fi ƙarko. Masu cewa wannan duk gurguzu ne na waɗanda ba su yarda da Allah ba kuma, su tuna Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ya kuma hana ɓoye abinci don a tsawwala, zakkar amfanin gona ma ɗaya cikin goma ce in ruwan sama ne, ɗaya cikin ashirin in ban ruwa aka yi. Manyan gonaki nawa ne a yankunanmu suke fitar da ita yadda aka ce?

ƊanKadawa:

Na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru. Baba Allah ya ja kwana, na karanta wa dattijon nan da muke aiki tare abin da ka rubuta, da aka zo wajen haraji shiru ya yi, ya ce shi ma mahaifinsa an taɓa shanya shi.

Kawu na Auyo na ji maganarka kuma na yarda ba kai ne ka fi cin moriya ba, amma ni ma ka fahimce ni, akwai masu kadada 30 da 50 a yankinmu, ba mazauna garin ba ne, ba sa cin ba-da-kaka su ne ma suke bayarwa, kuma su ne suka fi kowa yanke kuɗi da riƙe shi sai bayan sati. Waɗannan ba zan haɗa su da kai ba, kuma Baba ka yi haƙuri, 500 ɗin nan ita ce kwanon garin da ake jira a gida.

Na yi magana da abokan aikina, mu 23 ne, za mu zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abin da muke tunani shi ne mu fara da adashi ko 500 ce a sati don wanda ya ji ciwo a gona, sannan mu tsayar da kuɗin da ba mai sauka ƙasa da shi a manyan gonaki, ƙananan manoma kuma mu dawo musu da gayya ko a yi musu sauƙi tunda yawancinmu ma muna da 'yar gonar. Abin da nake tsoro shi ne masu zuwa daga wasu garuruwa lokacin yanka, suna kwana a tasha, ko nawa aka ba su karɓa suke yi, kuma ba zan ga laifinsu ba don na san abin da ya baro su da gida.

Maman Hafsa, ni ma yayata tana cikin masu sheƙa, na ce ta zo da ƙawayenta amma ta ce ba za su zauna a majalisar maza ba, ku yaya kuka yi, a gidan wa kuke haɗuwa? Malam kai kuma dan Allah in ka san yadda ake rajistar ƙungiyar gama kai a ƙaramar hukuma, mutum nawa ake buƙata da takardun da ake nema, ka turo mini kafin Juma'ar.